Yadda za ka sa kwamfuta ta gane Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne, ba tare da ta haɗe Hassan da Hussaini ba

Bara wata makarantar Islamiyya a nan Rigasa ta kira ni in gyara musu rajistar ɗalibai. Sunaye ne na shekaru aka tara wuri ɗaya, wasu daga littafin rajista aka kwafo su, wasu malamai ne suka turo ta WhatsApp, wasu kuma yaron kafe ne ya buga musu a Excel yana sauri don ga layi na jiransa. Sai ka ga yarinya ɗaya ta fito sau uku, nan Aisha, can A'ishatu, can ƙasa kuma Aishat, uba ɗaya aji ɗaya. Ni kuma lokacin gaggawa nake, na zuba sunayen a MySQL, manhajar adana bayanai, na kira SOUNDEX, wata dabara mai ba kowane suna lamba bisa sautinsa, na ce duk waɗanda lambarsu ta zo ɗaya kuma sunan uba ɗaya a mayar da su mutum ɗaya. Ranar rabon sakamako wani dattijo ya zo wajen shugaban makaranta ya ce, "Malam, lafiya na ga takardar Hassan ban ga ta Hussaini ba, ko wani laifi ya yi aka sallame shi?" Tagwaye ne. Ni na goge yaron da hannuna, kuma wallahi har yau in na tuna fuskar dattijon nan sai in ji ba daɗi. Abin da ya cece mu kawai shi ne asalin fayil ɗin yana nan a filash ban taɓa shi ba.

Toh shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake yin aikin nan yanzu, daki-daki, don duk mai riƙe da jerin sunaye a garin nan, na makaranta ne ko na ƙungiyar 'yan kasuwa ko na asibiti ko na rabon taki, zai haɗu da wannan matsalar ko ba daɗe ko ba jima. Kuma duk wanda ya taɓa zaryar gyaran suna saboda na NIN ɗinsa bai yi daidai da na BVN ba ya san harafi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin komai, kar ka taɓa asalin suna. Ka buɗe sabon kolum a gefe, duk wanke-wanke da yanke-yanken da za mu yi a can za mu yi su. Yadda mutum ya rubuta sunansa haƙƙinsa ne, in Mohammed yake rubutawa to Mohammed za a buga masa a takarda. Wannan kolum na gefe na kwamfuta ne ita kaɗai, don kwatantawa.

Mataki na farko: wanka

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa don ba shi da wani suna mai ban sha'awa, alhali rabin aikin a nan yake. Ka mayar da duka haruffa ƙanana, ka cire sarari mai yawa da ɗigo da waƙafi. Ka cire laƙabin girmamawa, Alhaji da Alh, Hajiya da Haj, Malam da Mal da Mallam da Malama, Dr, Engr, Barr, duk ka ajiye su a wani kolum daban in kana buƙatarsu. Sannan ka warware gajerce-gajercen da muka saba, Moh'd da Mohd da Muh'd su koma muhammad, A/Rahman ya koma abdulrahman. In akwai adireshi kuwa nan ne Kaduna za ta nuna maka halinta, U/Rimi, Ung. Rimi, Ungwan Rimi, Angwan Rimi, Anguwar Rimi, duk wuri ɗaya ne, haka T/Wada da S/Tasha da K/Mashi da H/Banki da B/Gwari. Babu wani algoridim da aka ƙera a waje da zai san T/Wada Tudun Wada ce, kai za ka rubuta masa jerin da hannunka, kuma bai fi aikin yini ɗaya ba.

Sai maganar baƙaƙe masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ wadda 'yan Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Nan akwai tarko guda biyu. Na ɗaya, masu rubuta manhaja sun saba da wata dabara ta Unicode da ake kira NFD wadda ke raba harafi da alamar da ke kansa, kamar é ta Faransanci ta koma e. Wannan dabarar ba ta aiki a kan namu, domin a Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, lambarsa U+0199, ɗ kuma U+0257, ɓ U+0253, ƴ U+01B4, ba k ba ce aka ɗora wa ƙugiya. Dole ka rubuta musanyar da kanka, ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, kuma kar ka manta da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ. Na biyu, a tsarin UTF-8 da kwamfuta ke adana rubutu da shi kowanne cikinsu bayit biyu yake ci, wato gurbi biyu na ma'adana, k kuma bayit ɗaya, to aikin levenshtein mai ƙirga bambancin kalmomi biyu da ke cikin yaren manhaja na PHP bayit yake ƙirgawa ba harafi ba, sai ya ce maka tsakanin ƙasa da kasa bambanci 2 ne maimakon 1. In ka yi musanyar tun farko ka huta da wannan.

Alamar hamza ma haka, A'isha, Sa'adu, Rabi'u, Shu'aibu. Wayoyi suna buga ta kala-kala, akwai miƙaƙƙiya akwai mai lanƙwasa akwai wadda ta juya baya, a ido kusan ɗaya ne amma a wajen kwamfuta haruffa ne daban-daban. Ka share su duka a kolum ɗin gefe.

Abu ɗaya dai, in kalmomin yau da kullum kake bincike ba sunaye ba, misali kana haɗa akwatin bincike na ƙamus ko na labarai, ka sani cire ƙugiya yana haɗa baki da baƙi, kafa da ƙafa, dari da ɗari, kuma cire shadda yana haɗa baba da babba. Ba laifi a nuna wa mai nema duka biyun tunda yawancin mutane ba sa sa ƙugiya a waya, amma wanda ya dace da abin da ya buga harafi da harafi shi za ka sa a sama.

Mataki na biyu: tambarin sauti irin namu

Bari in faɗi abin da Soundex yake yi don a gane inda na faɗa rami. Tsohuwar dabara ce ta Amurka, Robert Russell ya yi mata rajistar mallaka a 1918, kuma da ita aka jera sunayen tsofaffin takardun ƙidayarsu. Tana riƙe harafin farko, ta zubar da wasula da h da w da y, sauran baƙaƙen ta ba su lamba: b f p v su ne 1, c g j k q s x z su ne 2, d da t 3, l 4, m da n 5, r 6. In lamba ɗaya ta zo sau biyu a jere ba wasali a tsakaninsu a ɗauki ɗaya, a tsaya a lamba uku, in ba su kai ba a cike da sifiri. Muhammad da Mohammed duka M530, ka ga nan ta yi kyau, shi ya sa ma ta yaudare ni. Amma Hassan H250, Hussaini H250, Hassana H250, Hussaina ma H250. Aminu da Amina duka A550. Wato wasalin da ta zubar shi ne yake raba mace da namiji a sunayenmu, shi ne yake raba tagwaye. Ta ɗaya gefen kuma, saboda ta riƙe harafin farko gam, Khadija K320 ce Hadiza kuma H320, Usman U255 Osman O255 Uthman U355, mutum ɗaya ta raba shi uku.

Akwai waɗanda suka zo bayanta, NYSIIS a 1970, Metaphone na Lawrence Philips a 1990 da Double Metaphone a 2000, sun fi ta wayo amma kunnensu na Turanci ne. Abin da ya buɗe min ido shi ne labarin Daitch da Mokotoff, masu binciken asalin iyalan Yahudawan gabashin Turai, da suka ga Soundex ba ta jin sunayensu sai suka ƙera tasu a 1985. Jamusawa ma suna da tasu ta birnin Kolon. To mu me zai hana?

Ga dokokin da nake amfani da su wajen fitar da tambari, wato siffar da suna zai koma a kolum ɗin gefe bisa sautinsa, kuma jerin yana da muhimmanci, wanda na fara faɗa shi ake fara yi. Ch ta koma c, shi ke haɗa Rigachikun da Rigacikun, Chiroma da Ciroma. Kh ta koma h, Khalid da Halid, Khadija da Hadija. Th ta koma s saboda Uthman. Q ta koma k saboda Sadiq da Faruq. Ph ta koma f. Ee ta koma i, oo da ou su koma u, wannan ou ɗin saboda 'yan'uwanmu na Nijar da ke kasuwanci a nan masu takardu da rubutun Faransanci, Moussa da Ousmane. Ei ta koma ai don Suleiman ya haɗu da Sulaiman, o ta koma u. Duk harafin da aka ninka ya koma ɗaya. Sannan ƙarshen suna: a cire h ta ƙarshe, Isah ya koma isa, Fatimah fatima. Atu ko at a ƙarshe su koma a, Aishatu da Aishat su zama aisha, Hafsatu hafsa, Halimatu halima. Daga nan a cire u ta ƙarshe in sunan ya wuce harafi huɗu, Nasiru nasir, Kabiru kabir, Asma'u asma, Hauwa'u hauwa. Na sa sharaɗin tsawo ne don kar a gutsure Audu da Habu su zama abin da ba a gane ba.

Amma a ta ƙarshe kar ka kuskura ka taɓa ta, kuma wasulan tsakiya kar ka zubar da su. Da haka Aminu zai zama amin Amina ta zauna amina, Hassan hasan, Hassana hasana, Hussaini husaini, kowa da gidansa.

Za ka ga ban ce p ta koma f kai tsaye ba duk da bakin Bahaushe ba ya raba su. Dalili, nan Kaduna ce, jerin da ke hannunka akwai Peter akwai Patience akwai Paul, akwai sunayen Atyap da Bajju da Ham da Gbagyi da Adara masu kp da gb da sautukan da Hausa ba ta da su. Dokar da ta yi wa Fatima da Patima daidai za ta iya ɓata wa wani suna. Ni a tebur na musamman nake sa irin su Patima da Paruk, in bar p ta zauna lafiya. Kuma in jerin naka na Kafanchan ne ko Zonkwa ko Kachia, ka nemi ɗan yankin ya duba dokokinka kafin ka sake su a kan sunayen mutane.

Mataki na uku: sunayen da babu lissafin da zai haɗa su

Garba da Abubakar. Wace kwamfuta ce za ta san suna ɗaya ne? Ko Shehu da Usman, Sanda da Umar, Mamman da Muhammad, Audu da Abdullahi, Iro da Ibrahim, Idi da Idris, Sule da Sulaiman, Binta da Fatima, Indo da Aisha, Dije da Khadija, Kulu da Hauwa, Isuhu da Yusuf. Haka a wajen 'yan'uwa Kirista, mutum a coci da gida Bitrus ne a takardar makaranta Peter, Bulus da Paul, Yohanna da John, Istifanus da Stephen. Wannan ilimi ne na mutanen gari, sai dai ka yi tebur mai kolum biyu, laƙabi da asalin suna, ka zauna da wata dattijuwa a gidanku ta cika maka shi, za ta ba ka abin da ba ka taɓa ji ba.

Sai dai ka riƙe wannan teburin da hannu biyu. A gida ɗaya za ka iya samun Shehu kuma ka samu Usman, wa da ƙane, ko Binta da Fatima 'yan uba. Don haka dacewar laƙabi ba ta isa a haɗe mutum biyu, tana isa ne kawai a ɗaga su a ce wani ya duba.

Mataki na huɗu: auna tazara

Yanzu ne aka zo wajen lissafin da ake ta magana. Tazarar Levenshtein, daga sunan Vladimir Levenshtein masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet da ya fitar da ita a 1965, tambaya ɗaya take amsawa: gyara nawa ne mafi ƙaranci za ka yi wa kalma ta koma ɗayar, in gyaran da aka yarda da shi uku ne, ƙara harafi, cire harafi, ko musanya harafi da wani. Isa zuwa Isah 1. Sulaiman zuwa Suleiman 1. Muhammad zuwa Mohammed 2. Usman zuwa Uthman 2. Hassan zuwa Hussaini 3.

Yana da kyau ka yi ta da biro ko sau ɗaya ne don ka san abin da injin ke yi. Ɗauki musa da isa. Zana tebur, isa a sama harafi ɗaya kowane gida, musa a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, ka bar gida ɗaya fanko a farkon kowanne. Layin sama ka rubuta 0 1 2 3, gefen hagu 0 1 2 3 4. Kowane gida da ya rage ka dubi maƙwabtansa uku, na sama ka ƙara masa 1, na hagu ka ƙara masa 1, na kusurwar sama ta hagu kuma ka ƙara masa 1 in haruffan biyu sun bambanta, in iri ɗaya ne kar ka ƙara komai, sai ka rubuta mafi ƙanƙanta cikin ukun. Zai fito haka:

layin fanko: 0 1 2 3
layin m: 1 1 2 3
layin u: 2 2 2 3
layin s: 3 3 2 3
layin a: 4 4 3 2

Gidan ƙarshe na ƙasa ta dama shi ne amsa, 2, wato a cire m a musanya u da i. Wannan hanyar cike tebur ita ake dangantawa da Wagner da Fischer, 1974, kuma ita ce a cikin yawancin manhajojin da za ka ɗauko.

Akwai gyara na huɗu da ya kamata ka ƙara, juyewar haruffa biyu maƙwabta, irin Yusfu maimakon Yusuf in yatsa ya riga ɗan'uwansa. Levenshtein zalla 2 za ta ƙirga, amma Fred Damerau tun 1964 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na kurakuran rubutun da ya bincika kuskure ɗaya ne tak daga cikin waɗannan huɗun, shi ya sa ake da Damerau-Levenshtein mai ƙirga juyewa a matsayin 1. Ga jerin da aka buga da sauri a kafe ita ta fi.

Tunda gyara 2 a suna mai harafi huɗu ba ɗaya yake da gyara 2 a suna mai harafi goma ba, ana mayar da shi maki: raba tazarar da tsawon sunan da ya fi tsawo, ka cire daga 1. To nan ka lura da kyau. Muhammad da Mohammed 0.75. Sani da Sadi ma 0.75. Aminu da Amina 0.8. Ka gani? In ka auna ɗanyen suna ba tare da mataki na biyu ba, mace da namiji sun fi kama da juna a kan mutum ɗaya da aka rubuta iri biyu, kuma babu inda za ka sa makin wucewa ya raba maka su. Amma bayan wanka da tambari, muhamad da muhamed tazararsu ta koma 1 cikin 7, kusan 0.86, sun haye sama. Shi ya sa nake nacewa a kan jerin matakan. Ni har ƙari nake yi, ina ba kowace musanya farashinta, a da e ko i da e a tsakiyar suna rabin maki, j da z rabin maki saboda Hadija da Hadiza, amma bambancin a a ƙarshen suna in sa masa 2 cur, kuma suna mai harafi huɗu ko ƙasa ban yarda da kowace tazara ba sai wani bayani ya goyi baya.

Za ka ji ana yabon Jaro-Winkler a kan sunaye, ta fito ne daga ma'aikatan hukumar ƙidayar Amurka, Matthew Jaro a 1989 da William Winkler a 1990, tana ƙara maki in farkon sunayen ya zo ɗaya har zuwa harafi huɗu. Ga Aisha da Aishatu tana ba da kusan 0.94 inda Levenshtein ta ba da 0.71, ka ga ta fi fahimtar wutsiyar da muke ƙarawa. Amma gwada ta da Abdulkarim da Abdulkadir, 0.94 ɗin dai za ta ba ka, don duk Abdul ɗin duniya farkonsu ɗaya. Maganinsa ka yanke abdul ka ajiye gefe, ka auna karim da kadir su kaɗai.

Sai jerin suna, wani ya fara da nasa wani ya fara da na uba ko na kaka, Musa Garba Lawal a nan, Lawal Musa Garba a can. Ka raba sunan kalma-kalma ka jera su bisa abacada kafin ka auna, a RapidFuzz na Python aikin token_sort_ratio ke yin haka. Illa dai ka sani Musa Garba da Garba Musa a wajenmu sau da yawa ɗa ne da uba ko mutum biyu daban, don haka in sai da aka juya suna sannan ya dace, wannan ma na dubawa ne.

Ga adireshi da dogayen rubutu gutsure kalma harafi uku-uku ya fi, rigasa ta zama rig iga gas asa, rigassa ta zama rig iga gas ass ssa, sun yi tarayya a 3 cikin gutsattsari 6 mabambanta, maki 0.5. PostgreSQL, wata manhajar adana bayanai, na da shi a pg_trgm, makin wucewarsa na asali 0.3 ne, wanda ya yi sassauci da yawa ga sunaye, ka ɗaga shi.

Mataki na biyar: kar ka gwada kowa da kowa

Suna 2,000 in za ka gwada kowanne da kowanne gwaji 1,999,000 ne, wannan laftof zai yi kafin ka gama shan shayi. Suna 10,000 kuwa 49,995,000 ne, 100,000 kusan biliyan 5, ga wutar da ba ta da tabbas. Sai ka kasa su rukuni-rukuni ka gwada na cikin rukuni kawai, misali masu harafi ukun farko na tambari iri ɗaya, sannan ka sake zagaye na biyu da masu lambar waya ɗaya, na uku da unguwa ɗaya da shekarar haihuwa ɗaya, don wanda ya kuɓuce a zagaye ɗaya a kama shi a wani. Lambar waya ka ɗauki lambobi 10 na ƙarshe kawai, shi ke daidaita mai +234 da mai 0 a gaba da wanda Excel ya cinye masa sifiri. In kuma akwatin bincike kake yi mai cewa "ko kana nufin kaza", nemi bishiyar BK ta Burkhard da Keller ta 1973 ko SymSpell, su ke sa a samo kalmomi makusanta ba tare da an bi ƙamus duka ba.

Mataki na shida: kwando uku

Kar ka sa maki ɗaya ka ce sama da shi a haɗe ƙasa da shi a bari. Kwando uku za ka yi. Na farko waɗanda tambarinsu ya zo ɗaya sak, na mutum da na uba, kuma wani abu daban ya shaida, ranar haihuwa ko lambar rajista, su ne za a haɗe. Na biyu waɗanda suka yi nisa, a bar su. Na tsakiya shi ne na ɗan Adam, kuma ba kai ba, wanda ya san mutanen, malamin aji ko sakataren ƙungiya ko mai unguwa. A makarantar nan da muka sake aikin, wata malama ce ta zauna da ni kwana biyu, ina karanto mata tana cewa wannan ɗaya ce, wannan kuma 'yar baffanta ce sunan kakarsu ɗaya aka sa musu.

Ka yi hattara da shaidun ma. Lambar waya ɗaya a gidanmu tana iya zama ta mutum goma, ta maigida ce kowa ke bayarwa. Ranar haihuwa 1 ga Janairu sau da yawa cike gurbi ce aka yi wa wanda bai san ranarsa ba, kar ka ɗauke ta hujja. Tagwaye kuwa uba ɗaya, rana ɗaya, waya ɗaya, aji ɗaya, don haka na rubuta doka ta musamman a saman komai cewa hasan da husaini da hasana da husaina ba a taɓa haɗe su, komai makin da suka samu.

Wajen sa iyakar kwandunan, kar ka ari lambar wani. Ka tsamo sunaye bibbiyu kamar 200 daga jerinka, ku yi musu hukunci da hannu, sannan ka ga a wane maki injin ya fara haɗa mutanen da ba ɗaya ba, ka sa iyakar sama da nan. Barin mutum ya fito sau biyu gyaransa minti ɗaya ne, goge shi kuwa sai ranar da ya zo karɓar haƙƙinsa za a sani.

Wanda ba ya rubuta manhaja ma zai iya yawancin wannan. A Excel ka yi wanka da tambari da SUBSTITUTE a kolum ɗin gefe, sannan Power Query da ke cikin Excel na da haɗawa ta kamanni wadda makinta na asali 0.80 ne kuma tana karɓar teburin laƙabi irin na mataki na uku. OpenRefine kyauta ne, a kan kwamfutarka yake aiki ko babu data, yana tara sunaye masu kama ya nuna maka su rukuni-rukuni kai kake danna amincewa, ka dai ba shi kolum ɗin da ka riga ka wanke. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ɗora sunayen yaran mutane da lambobin iyayensu a wani shafin intanet da ba ka san mai shi ba don ya tace maka, amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

In ka zo haɗewar kanta, kar ka goge layi. Ka ƙara kolum ɗaya na lambar mutum, layukan da aka tabbatar mutum ɗaya ne ka ba su lamba ɗaya, ka rubuta wanda ya tabbatar da ranar da ya tabbatar a gefe. Duk laƙabi ko sabon salon rubutu da malamar ta gano wanda teburinka bai sani ba, ka zuba shi a teburin a ranar, zangon karatu mai zuwa kwandon tsakiya zai ragu da kansa.